Wuyan da Labaran Bai Taɓa Ba

Shekarar da aka sake kiran Labaran jarrabawa a Kaduna, babu wuyan da ya zauna lafiya a Birnin Gwari.

Labaran shi ne mataimaki a ɗakin magani na En'e. Aikinsa wanke gyambo, ɗaure miki, da danne yara a ɗura musu man gelo. Ya yi shekaru yana wannan, har warin gyambo ya kama rigunansa, matarsa Ladi ta ware musu igiyar shanya ta daban. Hanyar fita ɗaya ce, jarrabawar ma'aikatan ciwon barci. Wanda ya ci, a ba shi kaki da madubin likita, ya shiga ayarin masu bin ƙauyuka suna duba mutane, a riƙa ce masa malamin madubi. Wanda ya faɗi, ya koma wa gyambonsa. Kuma ba a kiran mutum sau uku.

Bara ya je ya faɗi, faɗuwar ma ba mai daɗin ji ba. Ya amsa duk abin da aka tambaye shi da baki, don wajen hadda babu mai kama ƙafarsa. Da aka zo gwajin ido, aka sa masa ɗigon ruwa a gilashi aka ce ya nemo ƙwayar ciwon barci. Ya leƙa madubi, ya ga wani abu yana mutsu-mutsu, ya ɗaga hannu yana murna. Baturen likita, wanda ma'aikata ke kira Mai Lofe saboda lofen da ba ya barin bakinsa, ya sunkuya ya duba, ya ce wannan tsutsar jini ce, rabin mutanen ƙasar da ita suke yawo ba su ma sani ba. Ashe Labaran bai taɓa ganin ƙwayar da rai ba, zanenta kawai ya sani a littafi. Mai Lofe ya tausaya masa, ya ba shi aron wani tsohon madubi, ya ce ya koma gida ya nemo ta a wuyan mutane, kada ya dawo sai ya ga tana motsi da idonsa.

To, madubin nan da hasken rana yake aiki, akwai ɗan gilashi a ƙarƙashinsa da ake karkatawa ya kamo haske. Saboda haka da hantsi ya yi, Labaran zai fito da tebur bakin ɗakin magani, ya kafa shi, ya buɗe littafi, yana karatu yana rangaji irin na makarantar allo. Sauro, zazzaɓi. Ruwan tafki, kurkunu. Wanka a kududdufi, tsargiya. Cizon tsando, ciwon barci. Masu wucewa suka ɗauka wani wuridi ne, wasu har rage murya suke yi.

Daga nan sai ya fara roƙo. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin wanda ya tare dattijo da ƙaramar kwalba ya ce a taimaka masa da fitsari ba, balle abin da ya fi fitsari. Labaran ya yi, kuma bai yi dariya ba. Wasu suka ba shi don kunya, wasu suka ce sai sun yi shawara da malaminsu tukuna. Ya ga ƙwan tsargiya, ya ga ƙwan tsutsar ciki iri-iri, ya san su kamar yadda ya san maƙwabtansa. Amma ba su za a tambaye shi ba.

Ita wadda yake nema, littafi ya ce a cikin kaluluwar bayan wuya take zama. Sai a laluba da yatsu, in an ji ƙullutu mai laushi yana zillewa, a soka allura a tsotso ɗigo ɗaya a duba. Shi ke nan gaisuwar Labaran ta canza. Ka miƙa masa hannu, sai ka ji nasa a ƙeyarka. Ya laluba mahauta, ya laluba masaƙa, ya laluba ladan yana saukowa daga kiran salla. A wurin aski yakan zauna kusa da wanzami, don a nan ne ake samun wuya a sarari, mai shi kuma ba ya iya gudu. Kafin damina ta yi nisa, magidanta suka koma naɗa rawani har kunne, har waɗanda ba su da sarautar komai.

Da gari ya ƙare sai ya ari keke ya shiga ƙauyuka. Ya je Randagi, ya je Kutemeshi, ya bi hanyoyin da ke ratsa kurmi inda tsando ya fi yawa, yana tafe suna cizonsa yana jin daɗi, don alama ce ya zo wurin da ya dace. A wata ruga bakin daji ya sami Bappa Jumare, wani dattijon Bafulatani, da saniya mai sammore ta rame tana tsaye. Littafi ya ce ƙwayar sammore 'yar uwar wadda yake nema ce, ko ita ya gani ya rage hanya.

"Bappa, ɗigo ɗaya zan ɗauka a kunnenta," in ji Labaran. "Ba za ta ma ji ba."

Jumare ya dubi allurar, ya dubi saniyar, sannan ya kwance rawaninsa a hankali ya miƙa wuya.

"Malam likita, ga ni. Soke ni ko'ina ka so. Nagge dai a bar ta."

Ya laluba shi, babu komai. Ya sha nono ya hau kekensa.

Ba wai bai sami kaluluwa ba. Ya samu da yawa, ta masu ƙuraje a ka, ta masu ciwon haƙori, ta masu tari. Ya soka, ya tsotso, ya leƙa har idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta, bai ga komai ba sai ruwa. Kullum ya dawo gida ransa a ɓace saboda mutane lafiyarsu lau. Ya san wannan ba halin kirki ba ne, yakan yi istigfari, gobe kuma ya sake jin haushin.

Gidan nasu mutum huɗu ne da jariri. Akwai shi, akwai Ladi, akwai mahaifiyarsa Iya Huraira, wadda har yau Auta take kiransa ko da a gaban marasa lafiya. Sai Rabi'atu, 'yarsu ta fari, yarinya da ba ta wuce shekara tara zuwa goma ba. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa Iya, a ɗakinta take kwana, ita ke ɗebo mata ruwa a rafin da ke cikin kurmi bayan gari. Labaran kuwa mutum ne mai kunyar ɗan fari ta gaske, irin wadda ake yabo a zaure. Bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta ba, ko tana jaririya. In ta shigo ta nan, idonsa ya fita ta can. Da za a tambaye shi kamanninta, sai dai ya ce ana cewa ta yi kama da dangin uwarta. Ladi ma haka, ko ta fi shi. In dole ta yi maganarta, sai ta ce yarinyar Iya. Ba ƙiyayya ba ce, yana sonta ƙwarai, yakan sayo mata ƙosai ya ba Iya ya ce an ba shi ne. Haka dai ya ga iyayensa sun yi da yayansa, kuma ba wanda ya mutu.

Wuyan Iya ya laluba ya fi a ƙirga, har ta ce in ya ƙara za ta kai ƙararsa wurin alkali. Na Ladi ma haka, na jaririn ma haka.

Wata rana da safe yana ɗaura wa keke kaya, Ladi ta tsaya daga bayansa tana gyara goyo.

"Malam, yarinyar Iya jikinta da zafi."

"Tun yaushe?"

"Yana zuwa yana tafiya."

Ya buɗe jaka ya ƙirgo kwinin ya ba ta. "A ba Iya ta ba ta."

Aka ba ta. Zafin ya tafi, ya dawo. Ladi ta sake faɗa bayan wani lokaci, da kalmomi iri ɗaya, idonta a ƙasa, ya sake ba da kwinin. Ba ta iya ƙara komai a kai ba, don mace ta tsaya gaban miji tana zayyana ciwon 'yarta ta fari, ai sai a ce ba ta da ta ido.

Ita Iya ba ta da wannan damuwa, amma ita ba ciwo ta gani ba, lalaci ta gani. Kullum da la'asar Labaran na zaune a tsakar gida da littafi, ita kuma tana mita daga ƙofar ɗakinta.

"Auta, yarinyar nan ta lalace. A aike ta rafi, sai a tarar da ita gindin bishiya tana minshari. A ba ta niƙa, ta kwanta a kan dutsen. Ga susa kamar mai ƙazwa, ga baƙin rai, da ba haka take ba. Abinci dai yana karɓarta, dubi kumatu."

"To, Iya, sai a yi haƙuri," in ji shi, bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da haddarsa. Zazzaɓi mai zuwa yana tafiya. Ƙaiƙayi. Kumburin fuska. Canjin hali. Barcin rana.

Kada a ce Labaran wawa ne, ba wawa ba ne. Da ɗiyar maƙwabci aka kwatanta masa haka, da tuni ya tsallake katanga da allura a hannu. Amma shekara da shekaru ya horar da kunnensa, duk maganar da ta shafi yarinyar nan yakan bar ta ta wuce ta saman kansa, kuma kunnen ya horu.

Ana sauran 'yan kwanaki motar Kaduna ta zo, ya riga ya fid da rai. Ya zauna bakin ɗakin magani da tsakar rana, madubi a gabansa babu komai a ciki, yana tunanin yadda zai tsufa a kan gyambo. Sai ya ji takun da ya sani, yarinyar Iya ce ta kawo masa abinci kamar kullum. Ya juya fuska wajen bango.

"Ajiye," ya ce.

Ya ji an ajiye kwano. Ya jira ya ji takun tafiya don ya juyo ya ci. Shiru. Ya yi gyaran murya. Shiru. Ya karanta shafi guda, ya sake karanta shi, yunwa na cinsa. Can sai ya ji numfashi mai nauyi a gefen tebur.

Ya juyo. Tana durƙushe inda ta ajiye kwanon, hannunta ɗaya har yanzu a kan faifan da aka rufe shi, kanta ya rataya a ƙirji, barci take yi a tsakiyar rana, ƙudaje na yawo a leɓenta. Kallabinta ya zame gaba, bayan wuyanta a buɗe.

Ba shi ya yanke shawara ba, yatsunsa ne suka tafi da kansu, don sun yi wata da watanni ba su ga wuya sun ƙyale ba. Suka sauka a ƙarƙashin gashi, suka matsa kaɗan. Ga su nan, biyu a hagu, ɗaya a dama, masu laushi, suna zillewa kamar ɗanyar gyaɗa a cikin ɓawo. Ya ɗauko allura, ya riƙe ƙullutun, ya soka. Ta ɗan yi ƙara, ta buɗe ido, ta ga ko wane ne, ta yi sauri ta sunkuyar da kai. Kafin ya ɗiga ruwan a gilashi ta koma barci.

Ya karkata ɗan gilashin ƙasa ya kamo rana, ya murɗa, ya leƙa. Bai ma nema ba. Ga ta nan a tsakiya, siririya, mai tsini, tana murɗa jiki tana kaɗa gefenta tana ture abin da ke kusa da ita, ga wata can tana bin ta. Ba ta yi kama da tsutsar bara ba ko kaɗan. Wanda ya gan ta sau ɗaya ba zai sake ruɗewa ba har ya mutu.

"Alhamdu lillahi!" in ji Labaran, da ƙarfi, har wani mai jaki ya waiwayo.

Ya faɗa ne da dukan zuciyarsa, kuma murnar ta ɗan jima a cikinsa kafin ya ɗago kai daga madubin ya ga daga wuyan wa ya ɗebo. Wannan godiyar ita ce abin da bai taɓa yafe wa kansa ba.

Ya bar madubin a rana, ya bar abincin, ya sunkuya ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa. Bai san nauyinta ba, ya yi zaton za ta fi haka. Ya bi ta tsakiyar kasuwa da ita, mutane suka bar ciniki suna kallo, wata tsohuwa mai daddawa ta kama baki ta ce yau ga Labaran ɗauke da 'yar fari, lalle boko ya gama da shi.

A gida ya shimfiɗe ta a tabarmar Iya, ya juya wajen Ladi.

"Ƙullutun nan na wuyanta, tun yaushe?"

"Tun kakar bara," in ji Ladi. "Ina jin su in ina mata kitso."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, Malam."

Iya ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce wai me ake ciki ne, ba lalaci ba ne? Ladi ta shige ɗaki, aka ji kukanta ƙasa-ƙasa.

Da mota ta zo, su uku suka hau, shi da Iya da yarinyar. A sansanin masu ciwon barci na Kaduna, malamin da ke karɓar marasa lafiya ya tambaya 'yar wace ce. Iya ta ce tata ce, kamar yadda take faɗa tun ranar yaye. Labaran yana tsaye a gefe riƙe da ƙunshin kayansu.

Ranar jarrabawa aka jera su, kowa da madubinsa. Aka kawo masu ciwo, Labaran ya laluba, ya soka, ya leƙa, ya ɗaga hannu tun na kusa da shi bai gama kamo haske ba. Mai Lofe ya zo ya duba, ya cire lofen daga baki, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Madalla. Bara ba ka san ta ba. Ina ka gan ta?" Hausarsa ta littafi ce, kowace kalma da ƙafarta take tsaye.

"A garinmu, ranka ya daɗe."

"A wuyan yarinyar da aka kawo daga Birnin Gwari?"

"Ita ce."

"Na duba ta. To, gaya mini. Yaro yana da kaluluwa tun bara, yanzu yana barci da rana, halinsa ya canza. Ina ciwon ya kai?"

"Ya bar jini, ya shiga kai."

"Da an kawo shi lokacin kaluluwa kaɗai?"

"Allura kaɗan ta isa, ranka ya daɗe. Kusan duka suna warkewa."

"Yanzu fa?"

"Sai ɗaya maganin, mai ƙarfin. Wasu su warke, wasu ba sa warkewa."

"Mene ne haɗarin maganin?"

"Yana taɓa ido. Gani ya riƙa tsukewa daga gefe, in ba a lura an tsayar ba, ya tafi duka."

"Daidai. Duka daidai." Mai Lofe ya mai da lofensa. "Ka ci. Kai ne na ɗaya. Amma ka ji, aikin nan ba madubi kaɗai ba ne. Mutanenku suna zama da yaro shekara guda ba su duba shi ba. In ka koma, ka nemi uban yarinyar nan ka yi masa faɗa sosai. Ka san shi?"

"Na san shi, ranka ya daɗe."

Aka ba shi kaki, ya yi masa yawa a kafaɗa. Kafin a tura sababbin ma'aikata daji, akan ajiye su su yi makonni a sansanin, kuma aikin da ya faɗo wa na ɗaya shi ne duba idon masu karɓar maganin nan kafin a ƙara musu wata allura. Aikin ba wuya. Ka zauna gaban mutum, ka ce ya kafa idonsa a naka, ka ɗaga yatsu a gefe ka tambaye shi nawa ne. In ya faɗa daidai, a yi masa allura. In ya fara kuskure, a dakata, ko da ciwon bai gama fita ba.

Ya yi wa maza, ya yi wa mata, ya bi layi tabarma bayan tabarma har ya iso ƙarshen rumfa. Rabi'atu na zaune ta jingina da Iya. An yi mata allurai da dama, kumburin fuskar ya sauka, barcin ya ragu, jiya ma an ce ta nemi fura da kanta.

Ya durƙusa a gabanta. Ta sunkuyar da kai.

"Ɗago," ya ce. "Dube ni."

Ba ta ɗago ba. Ba a taɓa ce mata haka ba, ba ta san yadda ake yi ba.

"Dube ni nan, cikin ido. Aiki ne."

Iya ta sa hannu a haɓarta ta ɗaga. Fuskar ta zo daidai da tasa, idanun a buɗe, amma sun tsaya wani wuri kusa da kafaɗarsa. Ya ɗaga yatsu biyu a gefen dama.

"Nawa ne?"

Ya matso da su kaɗan.

"Nawa ne?"

Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Malamin allura na tsaye a bayansa da tire, yana jira a ce masa a yi ko a bari.

"Kunya ce, Auta," in ji Iya. "Kai ma ka san kunya ce."

Labaran bai sauke yatsun ba.

"Allah ya sa, Iya," ya ce.